Gwamnati da Irin Dashe, Mai Gona da Shinge

Jama'ar Shagari da Boɗinga, duk wanda ya yi rufin ɗaki kwanan nan ya san inda kuɗin azara ya kai. Giginya ta yi ƙaranci, katako kuwa sai an ɗauko shi daga Kudu, kuɗin mota ya hau kansa. Alhali ga iyakokin gonakinmu a buɗe ba a dasa bishiyoyi ba, iskar bazara na ta kwasar ƙasa.

A 2015 aka kafa hukumar Babbar Katangar Bishiyoyi, Sakkwato kuwa na cikin jihohi 11 da aikinta ya shafa. A 2021 kuma Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 700 don shirin ACReSAL a jihohin Arewa 19 da Abuja. Irin wannan aiki na dashen bishiyoyi karo-karo ne. Hukuma ta reni irin dashe ta raba, malamin daji ya nuna yadda ake yi. Fili da haƙa da ban ruwa da tsaro, wannan kason mai gona ne.

To, a nan ne ake samun mishkila. Mutum ya karɓi dogon yaro ko turare hamsin, ya jibge su bayan ɗaki har ganyen ya yi yaushi. Wani ya binne su da ledar ba tare da ya yage ta ba, saiwa ta rasa hanya. Wanda ya dasa daidai kuma, da an kawar da amfanin gona an saki dabbobi, akuya ɗaya ta gama masa da aikin damina kafin la'asar. Sa'an nan a ce iri ne ba kyau!

Ka dasa cikin marka, lokacin da ƙasa ta ƙoshi da ruwa. Ka kewaye kowane ɗaya da ƙaya. Ranin farko shi ne jarrabawa, kada ka yi wa dashen rowar ruwa. Turare ka kai shi bakin iyaka, don mashayin ruwa ne, yana cutar da hatsi. In ya isa sara ka sare, kututturen zai sake toho.

Kafin ka je ofishin gandun daji na ƙaramar hukuma neman iri, fara tara ƙayarka, kuma kada ka karɓi fiye da abin da za ka iya shayarwa.