Darasin Kiwon Lafiya: Gajiyar da Ciwo ke Bar wa Tsoho

Jama'ar wannan Kwaleji, malamai da ɗalibai, ina so in ba ku wani darasi wanda a gidan ubana na koye shi, kuma sai da na yi kuskure tukuna. Yawancinku nan da shekara ɗaya ko biyu za a tura ku makarantun ƙauyuka. A can malamin makaranta shi ne mai karanta wa mutane takardar asibiti, shi a kan tambaya in tsoho ya kwanta. Saboda haka ya kamata ku san abin da za ku faɗa.

Abin da ya faru

Mahaifina ɗan goro ne a unguwar Sabo ta Shagamu, shekarunsa sun ba saba'in baya. A watan Janairu na 2021 ya kamu da zazzaɓi da tari, ya daina jin ƙanshin kome. Aka gwada shi, aka ce korona ce, watau cutar nan da aka fara gani a Nijeriya a Ikko ran 27 ga Fabrairu, 2020. Allah ya taimake mu bai kai ga kwana asibiti ba. Bayan kwana goma sha biyu zazzaɓi ya sauka, tari ya yi sauƙi, muka yi murna.

Da na je hutu bayan mako uku, sai na iske shi kwance a zaure da hantsi, abin da ban taɓa gani ba tun tasowata. Na ce, "Baba, ai ciwo ya wuce. Kwanciyar nan ita ke kashe maka jiki. Ka daure ka fita." Ya dube ni, bai ce kome ba. Wanshekare ya sa riga ya tafi kasuwa, ya wuni tsaye a na loda huhunan goro a mota. Ya komo yana fara'a, ni kuwa na ce a raina maganata ta yi aiki. Kashegari da azahar ko buta ba ya iya ɗagawa. Kwana huɗu ya yi a kwance. Da ya ɗan farfaɗo na sake zuga shi, aka sake komawa gidan jiya.

Daga nan magana ta yi yawa. Waɗansu suka ce sammu ne na abokan ciniki. Inna ta sayo kwalaben maganin ƙarin jini a kemis, wani ya zo gida ya yi masa ƙarin ruwa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ran da ya kira ni da dare ya fara lissafa mini bashin da ke kansa da wanda ya ke bi. Ya ce, "Kai yaro, na san jikina. Tafiya ce ta zo." A nan na ɗauke shi muka koma wurin likita. Aka auna jininsa, da sukari, da zuciya, aka ɗauki hoton ƙirji. Likita ya ce da ni, "Malam, tsohonka ba mutuwa ya ke yi ba, ba kuma ragwanci ba ne. Zazzaɓi ne ya sauka, amma jiki bai gama biyan bashin ciwo ba."

Me ke kawo wannan gajiya?

Korona, da mura mai zafi, da ƙyanda, da shawara, duk ƙwayoyin cuta ne ke kawo su irin waɗanda a ke kira bairas. Sun fi ƙwayoyin bakteriya ƙanƙanta ƙwarai, kafso kuwa ba ya kashe su. Gajiya a bayansu ba sabon abu ba ne. Likitoci sun rubuta labarinta bayan babbar murar 1918, wadda ta shigo Ikko ta jirgin ruwa a watan Satumba, ta bi hanyar jirgin ƙasa zuwa Arewa, kakanninmu suka kira ta Marisuwa. A watan Oktoba na 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da bayanin irin wadda ke biyo bayan korona: alamun da a ke gani wajen wata 3 daga farkon ciwo, sun daɗe aƙalla wata 2, ba a kuwa sami wata cuta da za a ɗora wa laifi ba. Gajiya tana cikin manyan alamun, tare da haki da mantuwa.

Ga tsoho abubuwa huɗu ke haɗuwa. Na farko, yaƙin da jiki ya yi da ƙwayar cuta yana cin ƙarfi, kuma sojojin jini ba su kan kwanta nan da nan don zazzaɓi ya sauka ba. Na biyu, kwanciya tana zubar da tsoka. A 2007 an yi gwaji a Amurka, aka kwantar da tsofaffi masu lafiya kwana 10 a gado, aka tarar naman ƙafafunsu ya ragu kusan kilo 1. To, waɗannan lafiyarsu lau, ina ga wanda ya sha zazzaɓi? Na uku, ciwo yana kashe sha'awar abinci, balle in ɗanɗano da ƙanshi sun ɗauke, ga shi kuma tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri kamar yaro. Na huɗu, barci ya kan rikice, a yi gyangyaɗi da rana, a kwana ido biyu da dare.

Akwai kuma wata alama wadda ita ce gindin darasin nan. Gajiyar da muka sani, in ka yi aiki ka ji ta nan take, in ka yi barci ta wuce. Wannan kuwa ta kan yi jinkiri. Mutum ya yi aiki yau ya ji garau, sai bayan sa'a 12 har zuwa 48 ta kayar da shi, ta riƙe shi kwanaki. Abin da ya ruɗe ni ke nan. Ina auna Baba da yadda ya komo daga kasuwa, alhali kuwa ma'aunin aikin yau sai gobe da jibi a ke ganinsa. Mai irin wannan alama, zuga shi ya daure cutar da shi ne. A Ingila ma, a 2021, hukumar da ke tsara ƙa'idodin jiyya ta janye tsohuwar shawarar ƙara wa masu ciwon gajiya mai daɗewa motsa jiki bisa tsayayyen jadawali, ko jiki ya yarda ko bai yarda ba.

Ƙwaryar goro

Da na yi wa Baba wannan bayani, shi ya sami misalin da ya fi nawa. Ya ce, "Watau da ina tashi kowace safiya da ƙwarya guda, goro ɗari. Yanzu ashirin ke gare ni. In na rabar da talatin, na ci bashin gobe." Na ce lalle haka ne. Ya ce, "To, ɗan kasuwa ba ya cin uwar kuɗi." Daga ran nan muka fara jiyya da lissafi, kuma ga yadda muka yi.

1. Muka sami littafi, ƙanena yana rubuta abin da Baba ya yi kowace rana da yadda ya tashi kashegari. Cikin mako biyu muka gane iyakarsa: zuwa masallacin ƙofar gida bai dame shi ba, amma zuwa kasuwa da ƙafa ya fi ƙarfinsa. Muka ga kuma doguwar hira da baƙi da lissafin kuɗi suna cin goro daidai da tafiya.

2. Ya riƙa hutawa kafin ya gaji. In ya yi aiki na minti ashirin, sai ya kishingiɗa ya yi shiru, ba rediyo, ba waya. Babban haɗari shi ne ranar da ya tashi da ƙarfi, don a ran nan ne zuciya kan ce a rama abin da ya wuce.

3. Abin da za a iya yi a zaune, a yi shi a zaune. Aka sa masa kujera 'yar tsugune a makewayi don wanka. Aka riƙa kawo masa goro zaure yana zaɓe, yana fid da mai tsutsa, yana nuna wa yara yadda a ke jera ganye. Wannan ya fi kowane magani gyara masa zuciya, don ya ga har yanzu da amfaninsa. Salla ma ya yi ta a zaune ran da tsayuwa ta gagara, addini ya ba mara lafiya wannan sauƙi.

4. Ba mu bar shi ya kwanta ɗungurungum ba, don kwanciya tana da nata lahani kamar yadda na faɗa. Ya fara da tashi daga kujera ya zauna sau biyar, da zagaya tsakar gida. In ya yi mako guda a kan wani mataki bai fāɗi ba, sai a ƙara kaɗan. In kuwa kashegari ta yi nauyi, a koma baya ba tare da kunya ba.

5. Abinci kaɗan kaɗan, sau biyar ko shida a rana, maimakon malmala uku a zama ɗaya. Kowane ci a sa mai gina jiki: ƙwai, ko kifi, ko wake, ko alale, ko nono, ko kunun gyaɗa, ko nama mai laushi. Koko da burodi kaɗai ba su mai da tsoka. A ajiye ruwa kusa da shi, a riƙa miƙa masa ko bai nema ba, sai fa in likita ya ƙayyade masa ruwa saboda ciwon zuciya ko ƙoda.

6. Barcin rana gajere, kafin la'asar. Goro da shayi suna da sinadarin da ke hana barci, saboda haka muka roƙe shi ya bar su daga la'asar. Wannan ita ce doka mafi wuya a gidan ɗan goro, amma ya bi.

7. In zai tashi daga kwance, ya zauna bakin gado minti ɗaya ko biyu tukuna. Jiri ya kan ɗebi tsoho bayan ciwo, karayar ƙugu kuwa ta fi gajiya muni nesa ba kusa ba.

Alamun da ba a jira

Kada wani ya karanta wannan ya ce duk gajiyar tsoho hutu ne maganinta. Ƙarancin jini, da ciwon sukari, da ciwon zuciya, da tarin fuka, da zazzaɓin cizon sauro, da baƙin ciki mai nauyi, da waɗansu magungunan hawan jini, duk suna kawo kasala, kuma kowannensu da nasa magani. Don haka in gajiya ta kai mako huɗu ba ta raguwa, a je a auna, a tafi da dukan magungunan da ya ke sha likita ya gani. Amma waɗannan alamu ba a kwana da su a gida:

ciwon ƙirji, ko haki alhali yana zaune;
kumburin ƙafafu, ko na ƙafa ɗaya mai zafi;
ruɗewa, ko karkacewar baki, ko mutuwar gefen jiki;
zazzaɓi ya komo, ko suma, ko bayan gida baƙi ƙirin.

Tari da ya wuce mako biyu, tare da rama da gumin dare, shi ma a kai shi a gwada majina. Ƙarin ruwa a gida, da allurar da a ke kira ta ƙarfi, da kafso barkatai, asarar kuɗi ne, wani lokaci har da cutarwa.

Abin da ya rage gare mu

Baba ya koma rumfarsa bayan wata biyar, rabin wuni. Da shekara ta zagayo yana wuni, amma ya bar wa yara lodi. Waɗansu su kan warware cikin makonni, waɗansu sai sun shekara ko fiye. Hausawa sun ce cuta ke shiga farat ɗaya, sauƙi sai a hankali.

Abin da na fi nadama shi ne kalmar nan "daure" da na faɗa masa. Tsoho yana jin kunyar 'ya'yansa su ga kasawarsa, zai tashi don a daina kallonsa ko da jikinsa ya ce a'a. Aikinmu shi ne mu gaskata shi in ya ce ya gaji, mu rage masa baƙi, mu bar masa aikin da ya iya, mu kuma kai shi allurar rigakafi in likita ya ba da shawara, don tana rage tsananin ciwo.

Ga aiki ga ɗalibai. In kun tafi hutu, kowa ya nemi tsoho ɗaya a gidansu ko a unguwarsu wanda ya tashi daga ciwo. Ku gaishe shi, ku tambaye shi abin da ya ci jiya, da yadda ya kwana, da aikin da ke kayar da shi kashegari. Ku rubuto abin da kuka ji, ba tare da sunansa ba, mu tattauna a aji in an komo. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ba mu ikon kula da iyayenmu, amin.