Yadda Ake Koya wa Ɗalibin Sakandare Riƙe Ragamar Karatunsa

Ranar da ɗalibi zai zauna jarrabawar WAEC ko NECO ko JAMB, babu malami a gefensa, babu uba. Don haka tun yana aji ɗaya na babbar sakandare ya kamata a koya masa auna kansa, ya iya bambance abin da ya sani da abin da idonsa kawai ya saba gani. Makarantar allo ta daɗe da gane wannan, shi ya sa ba a wanke allo sai karatu ya zauna an biya shi gaban malam, kuma mahaddaci ba ya wasa da tishi.

Da farko, a sa shi ya kwafi kanun manhajar kowane darasi a bayan littafinsa, ya yi wa kowanne alama: na iya, ina tangal-tangal, ban sani ba. Shi zai yi da hannunsa, ko da ya cika baki.

Mataki na biyu zai tona gaskiya. Idan ya gama karanta babi, ya rufe littafin, ya ɗauki farar takarda ya rubuta duk abin da ya tuna, sannan ya buɗe ya cike giɓin da jan biro. Inda jan ya yi yawa, nan aikin gobe yake. Yara ba sa son wannan, domin maimaita karantawa ya fi daɗi, yana sa mutum ya ji kamar ya iya. A 2006 masu bincike Roediger da Karpicke sun gwada hanyoyin biyu a kan ɗaliban jami'a a Amurka: bayan minti biyar masu maimaita karantawa ne a gaba, amma bayan mako guda waɗanda suka wahalar da ƙwaƙwalwarsu wajen tunowa sun yi musu fintinkau. Jarrabawa kuwa ba bayan minti biyar take zuwa ba.

Na uku, a rarraba bita. Tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko bayan koyo. Saboda haka babin da aka yi ranar Litinin a waiwaye shi Talata, sai Juma'a, sai bayan mako biyu, ɗalibin yana rubuta ranakun a gefen shafi. Idan ya shiga ajin ƙarshe, tambayoyin shekarun baya su shigo, da agogo a gabansa.

Wani zai ce ai wannan hadda ce, ba fahimta ba. Maganinsa a sa yaro ya bayyana wa ƙanensa darasin da Hausa, babu littafi; wanda ya haddace ma'anar wutar lantarki bai gane ba, a jimla ta biyu zai cije. Wani kuma zai ce ina lokaci, ga Islamiyya, ga tsaron shago, ga rashin wuta? Wannan ƙorafi gaskiya ne, amma farar takarda minti ashirin take ci, kuma hasken bayan Asuba kyauta ne. Masu tsoron yaro zai sangarce idan aka sakar masa, su canza tambayar da suke yi. "Ka yi karatu?" amsarta kullum "e" ce. A ce masa, "Kawo takardar jiya mu ga jan biro," sau ɗaya a mako, sannan sau ɗaya a wata idan jan ya fara raguwa.