Tanadin Kayan Koyar da Ginin Tukwane a Makarantun Sakandare

Kuskuren da makarantu masu ƙaramin ƙarfi suka fi yi, idan suka sami ɗan tallafi domin darasin ginin tukwane, shi ne zuba kuɗin gaba ɗaya wajen sayen tanderun lantarki, wato akwatin gasa kayan yumɓu, alhali wutar da zai ci ba ta da tabbas. Daga ƙarshe tanderun ya zama kayan ajiya, ɗalibai kuma ba su da yumɓun da za su taɓa.

Abin da ya kamata shugaban makaranta ya fara yi shi ne tuntuɓar maginan tukwane na yankinsa, domin sun san inda ake haƙar yumɓu mai kyau, sun kuma iya gashi da kara da itace. Ko cibiyar koyar da ginin tukwane da magini Michael Cardew ya kafa a Suleja a farkon shekarun 1950, inda maginiya Ladi Kwali ta yi suna, da ƙasar gida ta dogara. Yumɓun da ba a gasa ba kuwa ba ya zama asara, tunda ana iya jiƙa shi a sake kwaɓawa.

Idan za a nemi gudummawar ƙungiyar iyaye da malamai ko ta tsofaffin ɗalibai, gara a rubuta kowane abu da farashinsa, kamar bokiti, rariya da leda, a kuma ware kuɗin makamashin kowane zango. Sai dai a guji ruwan sheƙin da ake shafa wa tukwane mai ɗauke da dalma komai arharsa, domin guba ne a kwanon abinci.