Kafin a rubuta cewa jama'a sun amince

Aikina wayar da kan jama'a kan harkokin lafiya, kuma rabin aikin nan tambaya ce: bin gida gida a ji abin da mutane ke cewa kan shirin da hukuma ta ɓullo da shi, ko rigakafi ne, ko inshorar lafiya, ko gwajin jini kafin aure. Abin da nake so abokan aikina da masu tsara manufofi su gane shi ne, rahotanni da yawa da ke cewa jama'a sun amince, kunyar mutane suka auna, ba ra'ayinsu ba.

Bahaushe ba ya son ba baƙo kunya. Ka zo da takarda da biro, ga ɗan rakiya daga gidan mai unguwa tsaye a gefenka, ka tambayi maigida a zaure ko yana goyon bayan shirin, amsar ɗaya ce: "Ai abin alheri ne, Allah ya taimaka." Sai ka rubuta ya yarda. Ranar da masu rigakafi suka iso, sai a ce yaran sun tafi gidan kakarsu.

Kano ta biya kuɗin wannan darasi da tsada. A 2003 jita-jita ta bazu cewa an gauraya maganin hana haihuwa a ɗigon rigakafin shan inna, jihar ta dakatar da shirin, ba a dawo da shi ba sai Yulin 2004, bayan an yi gwaje-gwaje kuma an sayo maganin daga Indonesiya. Kafin ƙura ta lafa, cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe kusan 20. Masu ɗora laifin a kan jahilci kaɗai sun manta cewa ba a banza zancen ya samu karɓuwa ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano, yara 11 cikin 200 da aka sa a gwajin suka rasu, shari'a ta ja har zuwa sulhun 2009. Ga kuma tambayar da iyaye ke yi mana har gobe: me ya sa ake bin mu gida da ɗigon shan inna kyauta, amma idan zazzaɓin cizon sauro ya kama yaro sai mun sayi magani? Wannan tambaya ce ta mai hankali, kuma fosta ba ta amsa ta.

Abin da ya juya al'amarin shi ne sauraro. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, magana ta riƙa sauka daga hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa. Aka ɗauki matan unguwa 'yan sa-kai, waɗanda ake haɗuwa da su a gidan suna da gidan biki. Aka kuma riƙa kafa sansanonin duba marasa lafiya a lokacin rigakafi, uwa ta samu maganin zazzaɓi da na gudawa a wuri guda. A 2016 aka ga ragowar shan inna mai yaɗuwa da kanta karo na ƙarshe a Borno, a Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita.

To yaya ake auna goyon baya na gaskiya? Ni dai na daina tambayar "kina goyon baya?" Nakan ce, "Hajiya, da masu rigakafi suka zo wancan karon, yaya aka yi?" Abin da mutum ya aikata ya fi abin da ya ce zai aikata. Mace ce za ta tambayi mace, a cikin gida, ba tare da ɗan rakiya ba. A kuma tambayi wa ke yanke hukunci, domin a gidaje da yawa uwar miji ce, kuma ba ta cikin kowace takardar tambaya. Hatta tawadar da ake shafa wa yaro a ɗan yatsa ba hujja ba ce cikakkiya, an sha samun inda aka shafa ta ba a ɗiga komai ba, don kowa ya huta.

Mafi muhimmanci, kada a zuba duk masu ƙi a kwando ɗaya. Akwai mai tsoro, akwai wadda maigidanta ba ya nan kuma ba za ta yi gaban kanta ba, akwai unguwar da ta ƙi baki ɗaya saboda famfonsu ya lalace an yi biris da su. Na farko malami da likita yake buƙata, ta biyu a dawo da yamma, su kuwa na uku, wa'azi ba zai gyara famfo ba.

Yanzu ga rigakafin sankarar bakin mahaifa da aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a Oktoban 2023, ga kuma dokar gwaji kafin aure da Kano ta yi a 2024. Ka tambayi kowa kan dokar nan, zai ce madalla. Ma'aunin kuwa yana wurin ɗaurin aure: limamai nawa ke neman takardar gwajin kafin waliyyai su zauna, nawa gwajin ke ci wa talaka, kuma a wane lokaci ake zuwa asibiti. Idan sai an kai lefe an sa rana ake gano saurayi da budurwa duk suna ɗauke da ƙwayar sikila, iyaye da yawa takardar bogi za su nema. Shi ya sa a majalisun da nake zama da dattawa nake roƙon a mayar da gwajin tun lokacin gaisuwar iyaye.