Yadda Ake Gyara Sunayen Tambura a Fuskar Xfce

Mutum ya sa hoton sararin sama mai farin gajimare a bangon kwamfutarsa, sai sunayen fayilolinsa suka ɓace kamar an shafe su. Suna nan daram, farin rubutu ne ya hau kan farin gajimare. Tushen matsalar ke nan: launin rubutun ɗaya ne, hoton bango kuwa kowa da irin nasa.

A Xfce, tsarin fuskar Linux da Olivier Fourdan ya fara a 1996, wata ƙaramar manhaja mai suna xfdesktop ce ke shimfiɗa hoton bango, ta jera tambura, ta rubuta sunan kowanne a ƙasansa. Da yake buɗaɗɗiyar manhaja ce, mai kwamfuta yana da damar sa mata hannu.

Da mai sauƙi ake farawa. A buɗe saitin fuska, a shiga shafin tambura, a ƙara girman rubutu. Sau da yawa wannan kaɗai ya wadatar. In bai wadatar ba, sai a duba wane fitowar Xfce ke kan na'urar, domin kowane zamani da maganinsa. Fitowa ta 4.20, ta Disambar 2024, ta hutar da mutane: a shafin nan ake zaɓar launin rubutu da launin abin da ke bayansa.

Masu tsohuwar fitowa kuwa sai sun naɗe hannun riga. A zamanin 4.12 ta 2015, wani ɓoyayyen fayil mai suna .gtkrc-2.0 ake buɗewa, a ba label-alpha lamba tsakanin 0 da 255. Sifili na nufin babu shimfiɗa a bayan rubutu, 255 kuma shimfiɗa ce da ba a hango komai ta cikinta. Da 4.14 ta koma kan GTK 3 a 2019, wannan dabara ta daina aiki. Har yau akan ga wanda ya kwafo tsohuwar shawara yana mamakin yadda babu abin da ya motsa.

Daga 4.14, fayil ɗin gtk.css ake gyarawa, a foldar gtk-3.0 da ke cikin .config. In babu shi, a ƙirƙira. A ciki ake ambaton XfdesktopIconView, sannan a zaɓi ɗayan hanyoyi biyu. Ko dai a yi wa farin rubutu baƙar inuwa da text-shadow, a gusar da ita ɗigo ɗaya zuwa dama, ɗaya zuwa ƙasa, ko kuma a shimfiɗa baƙin launi mai shara-shara a bayan sunan. Inuwa ta fi kyan gani, amma a kan hoto mai hayaniya, kamar ganyen bishiya ko cunkoson kasuwa, shimfiɗa ce ke fitar da mutum kunya. Ma'aunin ma akwai shi: ƙa'idar WCAG ta nemi bambancin haske na aƙalla 4.5 bisa 1 tsakanin ƙaramin rubutu da bayansa.

Sai dogayen sunaye. Xfdesktop takan datse su da ɗigo uku har sai an danna tambarin. Ana iya kashe datsewar ta ellipsize-icon-labels, sai dai sunan kan zubo ya hau kan tambarin da ke ƙasa. Mai sa wa fayil suna da Hausa kuma ya lura da salon haruffa. In salon ba shi da ƙ, ɗ da ɓ, tsarin zai aro su daga wani, su fito bare a tsakiyar kalma. DejaVu Sans da Noto Sans suna da su.

Bayan an adana fayil, sai a rufe xfdesktop daga tagar umarni a sake tayar da ita. Daga nan a ja tambari ɗaya zuwa wuri mafi haske a hoton, a mayar da shi wuri mafi duhu, sannan a danna shi, domin sunan da aka zaɓa yana da nasa launin daban, kuma shi aka fi mantawa.