Bambancin Borrow da Lend ga Ɗaliban Arewa

Ɗaliban kolejojin Dogondutsi da Tibiri sukan rikita aikatau biyu na Ingilishi, wato borrow da lend, domin Hausa tana duban abin da ya sauya hannu ne, aro ga kaya, rance ga kuɗi, alhali Ingilishi yana duban wanda ke karɓa da wanda ke bayarwa. Mai karɓa shi ke da borrow, kuma kalmar from da ke biye da shi ke nuna mai abin. Mai bayarwa shi ke da lend, daidai da yadda Faransanci ya raba emprunter da prêter. Furucin "borrow me", wanda ake ji a kasuwannin Najeriya, yana biyan bukatar ciniki, amma a jarrabawar BEPC kuskure ne, don haka ɗalibi ya rubuta "lend me".