Darasin Turanci: Sassan Jimla da Yadda Ake Haɗa Jimloli

Ya ku ɗalibai, da yawa daga cikinku suna tsoron nahawun Turanci, alhali kuwa wanda ya san fi'ili da fa'ili da maf'uli a darasin Larabci ya riga ya ci rabin hanya. Kada ku yi wasa da wannan fanni, domin a Nijeriya sai da kiredit a Turanci ake samun shiga jami'a.

Mu fara da sassa uku. Fi'ili, wato aikatau, shi ne verb. Fa'ili, mai yin aikin, shi ne subject. Maf'uli, wanda aikin ya faɗa wa, shi ne object. In an ba ka jimla, fara neman fi'ili. Sannan ka tambayi kanka: wa ya yi? Amsar ita ce subject. Ka sake tambaya: me ya yi wa aikin? Amsar ita ce object.

Misali: Amina cooked rice. Fi'ili shi ne cooked. Wa ya dafa? Amina. Me ta dafa? Rice, wato shinkafa.

To, ga inda Turanci ya saɓa wa Larabci. A Larabci wasalin ƙarshe ne yake nuna matsayin kalma: fa'ili da rufu'a, maf'uli da fataha. Ko ka ce ra'a Aliyyun Bashiran, ko ka ce ra'a Bashiran Aliyyun, Aliyu ne dai ya ga Bashir. A Turanci kuwa jeri ne yake aiki, kamar a Hausa. Aliyu saw Bashir daban, Bashir saw Aliyu daban.

Ku kiyaye kurakurai biyu. Na farko, muna cewa "Musa ya tafi", sai yaro ya rubuta Musa he went. Wannan he ɗin ba shi da gurbi. Musa went ya wadatar. Na biyu, mubtada'i da habari suna tsayawa ba fi'ili a Larabci, amma jimlar Turanci ba ta cika sai da shi. Musa a tailor ba jimla ba ce. Sai ka ce Musa is a tailor.

Yanzu sai haɗa jimloli. Duk rukunin kalmomi mai subject da verb nasa sunansa clause, wato ganga. Ganga iri biyu ne: tsayayye, mai cin gashin kansa, da dogarau, wanda ba ya tsayawa sai ya jingina da wani.

Ana haɗa tsayayyu biyu da and, but, or, ko so, kwatankwacin harufan aɗafi. A sa waƙafi kafin mahaɗin: Amina cooked rice, but Musa ate bread. Waƙafi shi kaɗai ba ya ɗaure su.

Kalmomi irin su because, when, if da although kuwa suna mai da ganga dogarau. In ka ce when the rain stopped ka yi shiru, mai sauraro zai ce, "Sai me ya faru?" Kamar sharaɗi ne ba jawabi. Cika shi: When the rain stopped, we went home. Haka nan kada ka tara although da but a jimla guda. Ɗaya ya isa.

Aikin gida:
1. Fitar da sassa ukun nan: The farmer sold a goat.
2. Haɗa da because: Binta slept early. She was tired.
3. Gyara: My brother he a driver.

Iyaye, don Allah a sa ido su yi aikin da kansu, su kawo wa malaminsu ya duba. Allah Ya ba da fahimta, amin.